Nawa ake kashewa a buɗe wa shago shafin intanet? Lissafin da za ka yi kafin ka ba da kafin alƙalami

Kawuna yana da shagon shadda da yadi a Kantin Kwari. Wata rana bayan sallar La'asar ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai ɗan boko, duba mini nan. Wannan yaron ya ce zai yi mini shafin intanet a naira 30,000, wancan kuma ya ce 400,000. Wanne ne ɓarawon a cikinsu?" Na karanta saƙonnin biyu, na ce, "Kawu, mai yiwuwa babu ɓarawo ko ɗaya. Kayan da suke tallata maka ne ba iri ɗaya ba." Ya ce to in yi masa bayani da Hausa.

Bayanin da na yi masa shi ne wannan. Shafin intanet kamar kama shago ne a kasuwa. Akwai suna da lambar da mutane za su neme ka da ita, akwai kuɗin hayar wurin da kayanka za su zauna, akwai kuma ladan kafinta da mai fenti da za su kafa maka kanta. Ladan kafinta sau ɗaya ake biya. Suna da haya kuwa duk shekara suna dawowa, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Yawancin rigimar da ake yi da masu gina shafi daga nan take tasowa: mai shago ya ɗauka ya saya ya gama, bayan wata goma sha biyu sai a turo masa sabon lissafi.

Mataki na farko: me kake so shafin ya yi maka?

Ɗauki takarda ka rubuta amsar a jimla ɗaya kafin ka kira kowa. Amsoshin ba su wuce uku ba. Wani yana so ne a same shi kawai: sunan shago, layin da yake, lambar waya, hotunan kaya kaɗan, lokacin buɗewa da tashi. Wani yana so a ga kayansa da farashi, mai saye ya danna maɓalli ya faɗo WhatsApp su ƙarasa ciniki. Na uku yana so a zaɓi kaya, a biya da kati, shi dai ya ɗaure ya kai tasha. Kuɗin na uku yana iya ninka na farko sau da yawa, domin akwai kwandon sayayya, da ƙidayar abin da ya rage a shago, da haɗawa da kamfanin karɓar kuɗi.

A ganina mafi yawan ƙananan shagunanmu na biyun ne ya dace da su. Mutanenmu suna son taya kaya. Wanda zai sayi shadda ta dubu sittin yana so ya ji murya, a turo masa bidiyo, ya ce "a rage mini", a ce "albarka", a ƙarshe a sallama. Maɓallin biya da kati ba ya yin wannan.

Kafin ka kashe ko sisi, akwai abubuwa biyu na kyauta da ya kamata ka fara da su. Ka yi wa shagonka rajista a Google Business Profile domin ya fito a taswira idan an nemi "shadda Kano", sannan ka jera kayanka a kundin kaya na WhatsApp Business. Idan wata uku suka wuce ba ka iya sabunta waɗannan ba, shafin da za ka biya wa kuɗi ma haka zai zauna da ƙura. Sai dai kar ka jingina duk kasuwancinka da abin kyauta. Google ya taɓa bai wa 'yan kasuwa ƙananan shafuka kyauta, a watan Maris na 2024 ya rufe su gaba ɗaya. Waɗanda suka buga wannan adireshin a katinsu da allon shago bayan 'yan watanni sai suka wayi gari da adireshin da ba ya zuwa ko'ina.

Mataki na biyu: sayen suna

Sunan shi ne abin da ake rubutawa a saman waya a iso gare ka, wanda masu sana'ar ke kira domen. Ba a sayensa dindindin, hayarsa ake yi shekara-shekara. Mai ƙarewa da .com kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da rajistarsa, kuma a Satumbar 2024 farashin sari da yake bai wa dillalai ya zama dala 10.26 a shekara. Saboda haka duk wanda ya sayar maka da .com a ƙasa da wannan, garaɓasar shekarar farko ce, zai fanshe a ta biyu. A wajen masu sayarwa za ka same shi tsakanin dala 10 da 20.

Mai ƙarewa da .ng kuwa hukumar NiRA ce ke kula da shi a Najeriya, ana sayensa ta hannun kamfanonin da ta amince da su, irin su QServers da Web4Africa da DomainKing. Da naira ake biya, kuma .com.ng ya fi .ng tsurarsa araha nesa ba kusa ba. Ga shagon da abokan cinikinsa ke Kano da Kaduna da Abuja, .com.ng ya wadatar. Amfaninsa babba shi ne ba ya bin dala kai tsaye. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 15 a shekara, abin da yake fitarwa ya tashi daga kusan naira 7,000 zuwa sama da 22,000, alhali babu abin da aka ƙara masa.

Wajen zaɓen suna, ka faɗe shi da baki tukuna. Idan ba za ka iya karanta wa mutum shi ta waya a tsakiyar hayaniyar kasuwa ya rubuta daidai ba, canza shi. Ka guji saka lamba da ɗan layin tsakiya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ka bar su a cikin rubutun shafi, a adireshi kuwa ka yi amfani da k da d da b, don yawancin wayoyi ba a saita su da allon Hausa ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran muhimmanci. Ka sayi sunan da kanka, da imel ɗinka, da lambar wayarka, da katinka. Aikin minti goma sha biyar ne: ka shiga shafin kamfanin, ka rubuta sunan da kake so ka ga ko ba a riga ka ba, ka buɗe asusu, ka biya. Idan ba ka iya ba, ka zaunar da mai ginin a gefenka ya nuna maka, amma imel ɗin ya zama naka, kalmar sirri kuma kai za ka rubuta.

Na san abin da ya sa nake nanata wannan. Wata 'yar'uwata mai sayar da turaren wuta da humra ta bar wa wani yaro komai a hannunsa, ya sayi sunan da nasa imel ɗin. Ta buga adireshin a kan kwalabe da ledoji sama da dubu. Shekara ta zagayo, yaron ya tafi bautar ƙasa, ya canza layi. Saƙonnin tunatarwar sabunta sunan duk akwatinsa suke shiga. Ranar da ta sani ita ce ranar da wata mai saye ta kira ta ce, "Hajiya, shafinku fa ba ya buɗewa." Idan .com ya ƙare ana ba da 'yan kwanakin alfarma a sabunta shi a kuɗinsa na yau da kullum, daga nan ya shiga kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, bayan haka a sake shi kasuwa kowa ya saya. Kafin mu gano yaron duk wa'adin nan ya wuce. Ledojin nan har yau tana ƙulla kaya da su, da adireshin da ba nata ba a jiki.

Mataki na uku: hayar masauki

Hotuna da rubutun shafinka dole su zauna a wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana. Hayar wannan wuri ita ake kira hostin. Ƙaramin shago ba ya buƙatar fiye da masaukin haɗaka, wato kai da wasu ɗaruruwa a kwamfuta ɗaya, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa. A kamfanonin waje ana samunsa daga dala 3 zuwa 10 a wata. Kamfanonin gida suna karɓar naira, kuma ƙaramin kunshinsu yakan fi na waje sauƙi. Ni na fi karkata ga na gida saboda dalili ɗaya: akwai lokacin da bankunan Najeriya suka tsayar da biyan dala da katin naira, masu masauki a waje suka yi ta neman wanda zai biya musu.

Abu huɗu za ka duba a kunshin. Farashin sabuntawa, ba na shekarar farko da aka rubuta da manyan haruffa ba. Ko an haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100. Ko suna ajiye kwafin shafinka a kai a kai, domin ranar da abu ya lalace a mayar. Sai takardar tsaro ta SSL, wadda in babu ita Chrome zai riƙa gargaɗin masu shigowa cewa shafinka ba amintacce ba ne. Wannan takarda ƙungiyar Let's Encrypt tana ba da ita kyauta, tana sabunta kanta, kuma galibin masaukai sun haɗa ta a ciki. Idan ka ga an rubuta maka ita a lissafi da kuɗi dabam, ka tambayi dalili. Haka ma imel mai ɗauke da sunan shagonka, yawanci yana cikin kunshin.

Shi ma masaukin ka saye shi da sunanka, a asusun da ka sayi domen in zai yiwu.

Mataki na huɗu: wa zai gina, kuma nawa ne ladansa?

Nan ne farashi ke tsalle, don babu gwamnatin da ta ƙayyade shi. Ciniki ne kamar ɗinki: tela da tela sun bambanta, kuma yadi ɗaya wani ya ɗinka a rana ɗaya wani ya yi sati yana aiki.

Kana iya yi da kanka. Wix da Squarespace da Shopify suna ba ka shafi shiryayye ka jera hotuna, masauki a ciki, amma da dala suke karɓa wata-wata, kuma ranar da ka daina biya ba ka iya ɗauke ginin ka kai wani wuri. Hanyar da aka fi bi ita ce WordPress, manhaja ce ta kyauta tun 2003, wadda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke tafiya a kanta. WooCommerce da ke mayar da ita kanti shi ma kyauta ne. Mai haƙuri da waya mai kyau da kwamfutar aro zai iya tsayar da shafi mai sauƙi a mako biyu. Amma ka yi wa lokacinka kuɗi. Mako biyun da ka bar shago a hannun yara su ma asara ce.

Idan za ka ɗauki mai gini, nemi farashi daga mutum uku, ka tura musu rubutu iri ɗaya: adadin shafuka, adadin kayan da za a ɗora, ko akwai biya da kati, da yaren da za a rubuta. Sannan ka ce kowa ya rarraba maka lissafinsa gida-gida. Da muka yi haka da yaran nan biyu da suka turo wa kawu farashi, abin ya fito fili. Mai 30,000 shafi ɗaya zai yi a kan masaukin kyauta, da adireshi mai ɗauke da sunan wani kamfani a wutsiya. Mai 400,000 cikakken kanti ya lissafa, da kaya ɗari biyu, da mai hoto, da kulawar shekara guda. Kawu ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki.

Ka ce ya nuna maka shafuka uku da ya yi waɗanda ke aiki yau, ka buɗe su a wayarka da datar ka, ba a kwamfutarsa ba. Ka ƙirga daƙiƙun da suke ɗauka kafin su buɗe. Idan da hali ka kira ɗaya daga masu shafukan ka tambaye shi abu ɗaya: in an kira yaron nan bayan an gama biya, yana ɗagawa?

Ka kuma tambaye shi fasalin da zai ɗora wa shafin, wato shiryayyen zanen da ke ba shafi kamanninsa, na kyauta ne ko na saye. In na saye ne, lasisin da sunan wa, kuma nawa ne sabunta shi? Wasu suna sauko da fasalin sata da aka fasa wa kulle don su rage kuɗi. Irin wannan sau da yawa da cuta a cikinsa yake zuwa, bayan 'yan watanni ka ga shafin shaddarka yana tallar caca. Araha ba ta ado.

Biyan lada kashi uku ya fi kwanciyar hankali: kafin alƙalami idan an fara, kashi na biyu idan ka ga shafin a tsaye ka yi gyare-gyarenka, cikon kuma sai an miƙa maka makullai. Ku rubuta yarjejeniyar ko da a WhatsApp ne, da ranar gamawa da adadin gyaran da ke cikin kuɗin. Kai ma ka yi adalci a nan. Wanda ya ce shafi biyar yake so, aiki ya yi nisa ya ce a ƙara masa kanti da Turanci da Faransanci saboda baƙin Nijar da Chadi, sabon ciniki ya buɗe.

Mataki na biyar: hotuna da rubutu

Wannan kuɗin ba ya fitowa a lissafin kowa, kuma shi ke tsayar da aiki wata da watanni. Mai gini ba zai san sunayen shaddarka ba, bai san yadi nawa ke cikin turmi ba, bai san wace mota kake ba wa saƙon Maiduguri ba. Kai za ka ba shi.

Hoto ba sai ka ɗauko mai kyamara ba. Fitar da kayan bakin shago da hantsi, inda akwai haske amma rana ba ta dukansu kai tsaye, ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka goge gilashin kyamarar wayar da gefen riga. Fitilar cikin shago tana sauya launi: shadda ruwan toka sai ta fito kamar shuɗiya, mai saye ya karɓi kaya a Jos ya ce ba ita ya gani ba, ka biya kuɗin mota sau biyu. Kowane kaya hoto biyu, ɗaya daga nesa, ɗaya kusa yadda za a ga zanen da ƙyallin. Hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, ka sa a matse kowanne ya dawo ƙasa da kilobait 200 kafin a ɗora. Mai saye da datarsa yake kallo, in shafi ya yi nauyi fita zai yi.

A rubutu ka faɗi abin da ake tambayarka kullum: farashi, tsawon yadi, yadda ake aikawa, ko ana mayar da kaya. Ka duba cewa ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai a waya, domin wasu salon haruffa akwati suke nunawa a madadinsu. Maɓallin WhatsApp kuma kyauta ne: adireshinsa wa.me/ ne, sai 234, sai lambarka ba tare da sifirin farko ba.

Mataki na shida: karɓar kuɗi

In ka zaɓi biya da kati, kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave ba sa karɓar kuɗin buɗe asusu, la'ada suke cira a kowane ciniki. A tsarin Paystack na katunan gida, kashi 1.5 cikin 100 ne da ƙarin naira 100, ana yafe ɗarin in cinikin bai kai 2,500 ba, kuma la'adar ba ta wuce 2,000 komai girman ciniki. Shaddar 60,000 ke nan za a cire 1,000. Katin ƙasar waje ya fi tsada, kashi 3.9. Ka sake duba shafinsu ranar da za ka yi rajista, sannan ka yanke ko kai za ka ɗauki la'adar ko za ka saka ta a farashi. Za su nemi BVN da katin shaida, kuma rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana buɗe maka cikakken asusu. Ita ma tana da nata kuɗin, ka saka a lissafi in ba ka yi ba. Tunda za ka riƙa tara sunaye da lambobin mutane, ka sani akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023: ka karɓi abin da aikawa ke buƙata kawai, kar ka ba wa kowa.

Mataki na bakwai: tara lissafin gida biyu, ka karɓi makullai

Raba takardarka biyu. A dama ka rubuta abin da za a biya sau ɗaya: ladan gini, hotuna, tambarin shago in za a zana, rajistar CAC. A hagu ka rubuta mai dawowa: domen, masauki, lasisin fasali, da ladan kulawa. WordPress yana buƙatar sabuntawa a kai a kai, in an bar shi masu kutse suna samun ƙofa, don haka ko ka koya ko ka yi yarjejeniya da mai ginin a kan wani abu duk wata uku. Duk abin da ke da dala a hagu, ka lissafa shi da canjin yau ka ƙara masa wani abu saboda gobe.

Sai ka ninka gidan hagu sau uku, ka tara da na dama. Wannan ne kuɗin shafinka na shekara uku, kuma da shi za ka gwada farashin mutum ukun nan. A ce wani ya nemi 120,000 na gini da 60,000 duk shekara, wani kuma 180,000 da 30,000 duk shekara. Na farko ya tashi 300,000, na biyu 270,000. Wanda ya yi kama da mai tsada shi ne mai sauƙin. Daga nan ka raba jimlar da ribar da kake samu a turmi ɗaya, ka ga turmi nawa shafin zai sayar maka kafin ya mayar da kuɗinsa. In adadin ya ba ka tsoro, koma mataki na farko ka rage buri.

Ranar miƙa aiki, kafin ka tura cikon kuɗi, ka shiga wurare uku da hannunka: asusun domen, asusun masauki, da ɗakin sarrafa shafin a matsayin babban mai iko, ba mai ɗora rubutu kawai ba. Ka canza kalmomin sirri, ka rubuta su a littafin da kake rubuta bashi. Ka sa mai ginin ya tsaya kana kallo ka ɗora kaya ɗaya, ka canza farashi ɗaya, ka goge ɗaya, har sai ka yi ba tare da ya taɓa wayar ba.

Kawu dai, cikin nau'in shafi ukun nan na mataki na farko, na tsakiyar ya ɗauka: .com.ng da sunansa, shafuka biyar, kaya arba'in, maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowanne. Yaron shagonsa ne ke ɗaukar hotuna duk ranar da aka sauke sabon kaya. Ranar sabunta domen kuwa ya sa an rubuta masa ita da jan alƙalami a bangon shago, kusa da lambar mai gyaran janareta, da wata guda kafin wa'adin ya cika.